Barkono da Bakan 'Yar Kafinta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

An yi wani yaro ɗan aji biyar, ana ce masa Barkono. Ba mugun yaro ba ne. Yana da kyauta, yana da ƙoƙari. Sai dai abu kaɗan ke sa shi ya hau sama, shi ya sa sunan ya bi shi.

Wata rana malamin aikin hannu ya shigo aji da damin sanduna a kafaɗa. Ya sauke a gaban allo, ya kaɗe rigarsa.

Ya ce, "Za mu yi gasar baka, irin na maharba. Kowa ya ɗauki sanda ɗaya. Na ba ku kwana goma. Ga doka: da ƙaramin gatari kaɗai za a sassaƙa. Ba wuƙa, ba zarto, ba inji. Kuma kowa da hannunsa. Bakan da hannun wani ya yi aiki a kansa ya fita daga gasa. Tsirkiyar ɗaurewa da kibau, ni zan kawo."

Barkono ya ce, "Malam, me za a ba wanda ya ci?"

"Shi zai wakilci makarantarmu a babbar gasa. Amma kai fara sassaƙar tukuna."

Barkono ya ɗauki sandarsa, ya ruga gida. Kullum in an taso daga makaranta, sai ya zauna a bayan kicin, ya jingina sandar da kututture, ya yi ta sara. Sassaƙe na ta tsalle ko'ina.

Innarsa ta ce, "Kai yaron nan, sassaƙenka na faɗa mini a ruwan wanki! Matsa can."

Ya matsa, ya ci gaba. Hannunsa ya yi bororo, bai daina ba. A kwana na tara baka ya fito. Yana lanƙwasa daidai, yana da ƙarfi. Amma jikinsa duk sawun gatari ne, tudu da kwari, kamar bayan kada.

A rana ta goma aka kai bakuna makaranta, aka jera su a kan dogon tebur. Kusan duk haka suke, kaushi-kaushi. Sai guda ɗaya. Wannan kam sumul yake, ko sartse babu. Yara suka yi ta shafa shi. Na wata yarinya ce mai yawan shiru, wadda ake kira 'yar kafinta, domin babanta yana da shagon katako a bakin titi.

Wani yaro ya ɗaga bakan Barkono, ya ce, "Wannan fa? Akuya ce ta gaigaye shi?"

Aji ya fashe da dariya. Barkono ya fizge bakansa ya ajiye. Ya dubi na 'yar kafinta, ransa ya ɓaci.

Ya isa gida yana huci. Ko takalmi bai cire ba ya fara magana.

"Inna, an cuce mu! Wallahi an cuce mu! Mu muna ta wahala da gatari, ita ta je ta goge nata da injin babanta."

Inna ta ajiye tsintsiya. "Wa ke nan?"

"'Yar kafinta mana! Ki ga bakan, kamar an shafa masa mai."

"Ka ga lokacin da ta sa shi a injin?"

"Ai ba sai na gani ba, Inna. Gatari ba ya yin haka. Kwana tara ina riƙe da gatari, na san abin da yake yi."

"Kwana tara ka zama gwanin gatari? To, ka tambaye ta tukuna. Tambaya ba ta cizo."

"In tambaye ta ta yi mini ƙarya?"

Inna ta girgiza kai. "Ni dai na faɗa maka. Cire takalmin nan, ka wanke hannu."

Washegari aka taru a filin makaranta. Malam yana ɗaga bakuna ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin waɗanda za su shiga gasa. Da ya ɗaga na 'yar kafinta, sai Barkono ya yi tsalle ya fito daga layi.

"Malam, ban yarda ba! Maguɗi ne! Da inji aka goge wannan!"

Kowa ya juyo yana kallonsa. Can sai wasu yara suka fara, "'Yar maguɗi! 'Yar maguɗi!"

Yarinyar ta juyo. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, amma ba ta yi kuka ba.

Ta ce, "Ni ce mai maguɗi? Ka gan ni? A ina ka gan ni?"

"Bakan ne ya tona ki!"

Malam ya daka tsawa, kowa ya yi shiru. Ya ce, "Wannan magana babba ce. Zan ajiye bakan a gefe sai na bincika."

Ya aika aka kira kafinta. Ba a daɗe ba sai ga shi, da fensir a bayan kunne, garin katako har a gira. Da ya ji abin da ya faru, sai ya buga hannu a cinya.

"Malam, wannan wane irin wulaƙanci ne? Kwana tara yarinyar nan ba ta taka ƙofar shagona ba. Abincina ma ƙanenta take ba ya kai mini, wai kada a ce ta taɓa kayan aiki. Uwata, nuna musu hannunki!"

Haka yake kiranta, Uwata. Ta buɗe tafukanta. Duk sun yi kanta, wani wurin ma ya fashe.

Barkono ya ce, "Ni ma nawa haka suke. In gaskiya ne, ta yi mu gani. Ga bakana, ta goge shi da gatari in ta isa!"

Malam ya dube shi da kyau. "Yaro, ka tuna doka kuwa? In ta kasa, ita ce ta fita daga gasa. In ta iya, hannunta ya yi aiki a kan bakanka, kai ne ka fita. Ga wata sanda a ofis, bari a ɗauko."

"A'a, Malam. A kan nawa nake so. Na san ba za ta iya ba."

"Ka yarda?"

"Na yarda!"

'Yar kafinta ta ciro gatarinta daga jaka. Bakinsa na ƙyalli saboda wasawa. Ta zauna a kan benci, ta matse bakan Barkono tsakanin gwiwoyinta.

Barkono yana jira ta ɗaga gatari ta sara. Ba ta ɗaga ba. Ko ƙotar ba ta riƙe ba. Kan gatarin ta kama da hannu biyu, ta tsayar da kaifinsa a kan itacen, ta jawo shi a hankali.

Shuu. Wani siririn ɓawo ya naɗe ya faɗi, ya fi takarda laushi.

Shuu. Shuu. Ba sara take yi ba, kankara take yi. Tana ja, tana shafawa da yatsa, tana sake ja. Yara suka kewaye ta, baki buɗe. Tudun ya kwanta, kwarin ya ɓace. Kafin a kaɗa ƙararrawa, wuri mai tsawon tafin hannu ya yi sumul.

Ta miƙa wa Barkono bakan. "Shafa."

Ya shafa. Yatsansa ya zame, babu inda ya tsaya. Sai ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige.

Malam ya ce, "Wa ya koya miki wannan?"

"Na sha ganin Baba yana kankare katako da guntun ƙarfe. Sai na ce ai bakin gatari ma ƙarfe ne. Wannan ɗan wurin kaɗai kun ga lokacin da ya ci. Nawa kwana biyar na yi ina kankara."

Malam ya mayar da bakanta kan tebur. Ya karɓi na Barkono, ya jingine shi a bango. "Doka doka ce. Ka fita."

Barkono ya sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo. Ya matsa kusa da ita, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ban ji ba. Ɗazu da kake ce mini 'yar maguɗi, har masu shago a titi sun ji ka."

Malam ya ce, "Gaskiyarta. Inda ka ɓata, nan za ka gyara."

Barkono ya share fuska, ya juya ya fuskanci dukan makaranta. Ya ɗaga murya.

"Na yi mata ƙazafi. Ban ga komai ba. Don ni ban iya ba, na ɗauka ba mai iyawa. Ki yafe mini. Baba, kai ma ka yafe mini."

Kafinta ya yi ajiyar zuciya, ya dafa kansa. "Ya wuce, ɗana. Uwata, ke fa?"

Ta ce, "Na yafe."

Da yamma aka yi gasa. Barkono bai harba ko kibiya ɗaya ba. Yana gefe yana kallo, abin na cin ransa. Amma da 'yar kafinta ta ja tsirkiya, kibiyarta ta tafi ta kafe a tsakiyar allon harbi, shi ya fara tafi. Ita ce ta ci.

Bayan an watse, ya ɗauki bakansa ya bi ta.

"Don Allah, za ki koya mini? Sauran jikin duk kaushi ne."

Ta karɓi gatarinsa, ta taɓa bakin da yatsa, ta ƙyalƙyale da dariya. "Da wannan ka yi kwana tara? Wannan ko ayaba ba zai yanka ba! Je ka wasa shi. Gobe ka zo, amma ka bar ihun a gida."

Ya yi dariya shi ma. Ya je ya wasa gatarin, ya zo, ya koya.

To yara, kun ji. Kada ku zargi mutum da abin da ba ku gani ba. Abin da ya gagare ka, ba lallai ya gagari wani ba. In ka ga aikin da ya fi naka kyau, kada ka ce maguɗi ne. Ka je ka ce, "Yaya kika yi?" ko "Yaya ka yi?" Sai ka dawo da ilimi maimakon kunya.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Nan ta tsaya, na ajiye muku ita.