Hannun da Zai Wanke Bututun Baba

"Ɗakin gaba nake so," in ji Yaya, yana goge baƙin mai a jikin wandonsa. "Wanda ƙofarsa ke kallon titi. Ki kwashe keken ɗinkinki, na yi shago, na huta da gyaran babur a gindin bishiya."

"Na bar maka," in ji Auta. "Amma sai ka ci jarrabawar."

"Jarrabawar wanke ɗan bututu? Ni da nake kwance inji na ɗaure idona a rufe?"

"Wuyan Baba ne fa, Yaya, ba salansar babur ba."

Ya yi dariya, suka tafa. Ciniki ya faɗa.

Ga yadda maganar take. Babansu dillalin gwanjo ne, shekara arba'in muryarsa ce jarinsa. Wata takwas da suka wuce ta fara dishewa, aka sha zuma, aka sha jiƙe-jiƙe, sai da wani ƙaramin likita ya zura fitila ya leƙa, ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Likitan bai iya aikin ba, babu ma wanda ya iya a duk asibitin. Abin da ya iya shi ne zuwa duba mara lafiya har gida sau uku a mako, alhali sau ɗaya ya isa. Kowa ya gane ba Baba kaɗai ake dubawa ba.

To, akwai baƙin likitoci 'yan sa-kai da ke zuwa daga ƙasashen waje duk shekara. Kwana goma sha biyu suke yi, su yanke maƙoƙo, su ɗinke leɓen yaran da aka haifa a tsage, su tsayar da likitocin gida kusa da su suna koya musu. Sun ce za su yi wa Baba aiki. Za a cire maƙogwaron ɗungurungum, murya ta tafi ke nan, a bar masa 'yar ƙofa a ƙasan wuya da bututun da zai riƙa numfashi ta ciki.

Sai dai suna da ƙa'ida guda. Ba sa rubuta sunan irin wannan mara lafiya sai wani na gida ya koyi wanke bututun, ya yi a gabansu, ya sa hannu cewa zai zauna da shi. Su tafiya za su yi, majina kuwa ba ta san baƙi sun tafi ba.

Kuma baƙin nan sun zaɓi Ƙaramin Likita ya bi su ƙasarsu, ya yi shekara biyu yana koyon tiyatar wuya. An ce in yana da mata ya taho da ita. Uwar su Auta ta rasu, gidan daga ita sai Yaya. In Yaya ya iya wankin, Auta za ta auri likitan ta bi shi. Shi ya sa ɗakin gaba ya shiga kasuwa.

Kwana biyar Yaya yana zuwa asibiti da farce a yanke, abin da ba a taɓa gani ba. Mai koyarwar wata dattijuwar nas ce cikin baƙin, da agogo maƙale a ƙirjinta, shi ya sa masu jinya suka sa mata Mai Agogo. A wuyan mutum-mutumin roba suke gwaji, Ƙaramin Likita na tafinta.

"Yayanki hannu gare shi," ya gaya wa Auta a barandar asibiti. "Ya fi wasu ɗalibanmu."

"Da gaske, Likitana?"

"Ki fara ɗinka rigunan sanyi, hasken idona. An ce can ko ruwan famfo cizo yake yi."

Ta ɗinka guda biyu.

Ranar jarrabawa Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Yaya ya wanke hannu har gwiwa, ya sa safar hannu, ya zare bututun a hankali, ya jiƙa shi a ruwan gishiri, ya zura ɗan burushi. Mai Agogo na gyaɗa kai. Da gangan ta liƙe cikin bututun da wani abu mai danƙo, burushi ya ƙi wucewa. Yaya ya ɗaga shi ya duba a haske. Sannan hannunsa ya yi abin da ya saba yi wa tiyon fetur shekara goma sha biyar: ya ja takunkumin fuskarsa ƙasa, ya kafa baki, ya busa. Fuu! Ya goge shi a gefen wando, ya mayar.



"Ai ya buɗe!" in ji Yaya.

Mai Agogo ta yi magana a taƙaice. Ƙaramin Likita ya fassara wa Yaya.

"Ta ce ya buɗe. Ta ce kuma da wuyan gaske ne, ka zuba wa Baba cuta har cikin huhu."

"A ba ni na sake!"

"Ta ce ba ta shakkar kanka, hannunka take shakka. Ranar da Baba ya shaƙe, ka ruɗe, abin da hannu ya saba shi zai yi. Yau da la'asar ake rufe jerin sunaye."

Auta ta shigo ɗakin. Kwana biyar ɗin nan tana bakin ƙofa, duk abin da aka koya wa Yaya ya shiga kanta. Ta wuce wurin famfo, ta naɗe hannun riga.

"Auta..." in ji Ƙaramin Likita.

"Ka gaya mata a sake liƙe shi."

Mai ɗinki ba ta gaggawa da abin da ya toshe. Ta jiƙa, ta jira, ta sake jiƙawa, burushi ya wuce. Aka miƙo takarda, ta sa hannu.

A baranda Ƙaramin Likita ya tare ta, idonsa ja.

"Na fasa tafiyar."

"Ba ka isa ba."

"Shekara biyu fa! Ya zan yi da raina?"

"Wata takwas muka yi muna jiran baƙi, kana kallon Baba yana ramewa, hannunka a aljihu. Kana so ka yi wa uban wata haka baɗi? Ka je ka koyo, masoyi. Ni kuka zan yi, ba mutuwa ba."

"In kika gaji da jira fa?"

"In kai ka ga wata mai jan kunne a can fa?"

 Suka tsaya suna kallon masu jinya na shanya zannuwa a kan waya.

Baba ya ji duk abin da aka yi, don a ɗakin marasa lafiya magana ba ta kwana. Washegari, ana saura kwana ɗaya a shiga da shi, ya sa aka kira masa Ƙaramin Likita da kawun likitan, da nasa ƙanen, da limamin masallacin asibiti. Muryar ta koma kamar ana jan buhu a ƙasa, amma ta dillali ce.

"Shekara arba'in ina sayar da kayan mutane," ya ce. "Gobe war haka ko ruwa ba zan iya roƙa ba. Abin da ya rage mini a maƙogwaro ba zan ɓata shi a kan gaisuwa ba." Ya huta, ya yi tari. "Kai yaro... kana so?"

"Ina so, Baba."

"Ba na karɓar a dawo da kaya."

Aka yi dariya, har da na gadon kusa. Auta na bayan labule, ta cusa gefen mayafi a baki.

"Na ba ka. Jama'a ku shaida, da bakina na faɗa."

Aka ɗaura aure. Ranar da ta biyo baya aka yi awa bakwai a ɗakin tiyata, angon na tsaye gefen babban likitan baƙi yana riƙe da ƙugiyar buɗe rauni. Kwana huɗu bayan nan ya bi su filin jirgi. Amarya ba ta raka shi ba, lokacin wanke bututu ya yi.

In za a yi lissafi, baƙi sun ƙara mutum ɗaya a jerin waɗanda suka ceto, sun kuma tafi da ɗalibi. Baba ya sayar da murya ya sayi kwana; yanzu da alli da ɗan allo yake ciniki, an ce ma ya fi da tsauri, don ba a iya katse shi. Ƙaramin Likita ya samu ilimi, ya samu mata, bai ba da komai ba sai hawayen baranda. Yaya ya rasa ɗaki, yana nan gindin bishiya, ko da yake sau biyu injin zuƙe majina na lalacewa, shi ya tayar da shi, kuma bai busa ba.

Wadda ta faɗi a lissafin ita ce Auta, wadda ta kawo cinikin. Ɗakin da ta so rabuwa da shi yana nan a hannunta, da keke, da rigunan sanyi biyu a ninke cikin leda. Sau uku a rana take wanke hannu har gwiwa.

Rannan Baba ya rubuta mata a allo: "Na cuce ki."

Ta karanta, ta goge da tafin hannu, ta ce, "Ɗaga haɓa, Baba."