Mai Murna da Shaƙewar Inji

A can ƙasar waje, a tashar bas ta cikin garin Greensboro, Uwaisu ya fara ganin Kubura, a 1983, ya saki baki yana kallonta har motar da zai hau ta tafi ta bar shi.

Ita ɗalibar jinya ce, tana zaune gidan kawunta Alhaji Sanda, mai gyara da sayar da motoci a High Point Road. Shi kuwa bincikensa a jami'a kan injin jirgin sama ne, sashen da ke matse iska. Wani lokaci iskar kan yi gardama ta dawo baya, injin ya shaƙe. Ya yi mata bayani har ya gaji.

"Nawan, ban gane ba," in ji ta, "amma ci gaba, muryar nake so."

Da maganar aure ta taso, Alhaji ya ce sai ya ga sana'ar yaro da idonsa kafin ya kira mahaifinta a Zariya. Rashin sa'a, Alhaji yana shiga ɗakin gwaji injin ya yi wani tari mai firgitarwa, takardu suka tashi sama, hularsa ta bi su. Uwaisu kuwa, da ya yi watanni yana neman wannan shaƙewar don ya auna ta, sai tsalle yake yana hamdala, ko baƙon bai gani ba.

Alhaji ya koma gida ya ce atafau ba zai ba mai murna da ɓarna 'ya ba.

Kubura ta sha kuka, ita ma kanta ya ɗaure. Ta buga wa Uwaisu waya.

"Tsakaninka da Allah, gyara kake ko ɓatawa?"

"Ɓatawa nake a ƙasa, Kubuna, don kada ya ɓaci a sama da mutane a ciki."

Da ƙyar ta lallaɓo kawun suka koma ɗakin gwajin tare. Uwaisu ya durƙusa ya ba da haƙuri, sannan ya ɗora hannun Alhaji kan wani famfo, ya ce in ya ji sautin ya canja, ya murɗa iska ta fita. Injin ya fara nishi, Alhaji ya murɗa, sai ƙarar ta kwanta luf. Ya ce a sake. Aka sake.

"Har yanzu ban gane ba," in ji shi, yana share gumi. "Amma jirgin da za mu hau zuwa ɗaurin auren, yana da wannan famfon?"

Kubura ta rufe fuska da mayafi.

A Zariya aka ɗaura, Alhaji Sanda ne waliyyin amarya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.