Ranar Da Aka Kama Ango Da Muciya

"Wayyo hancina! Yallaɓai, rufe robar nan, plis!"

Khairiyya ce ke wannan magiya daga bakin ƙofar kicin, ta toshe hanci da gefen mayafi. Mijinta Gazali ya mayar da murfin robar daddawa yana dariya.

"Sori, amarya. Koma falo ki kwanta, yau ma ni ne kuku."

Watanninsu kaɗan da aure, suna zaune a wani ɗan gida a unguwar Gawon Nama. Al'adar gidan su Gazali ce, duk sabuwar suruka ta riƙa tuƙa tuwo ranar Juma'a ta aika wa iyayen miji a Ƙofar Kware. Khairiyya ba ta taɓa fashi ba, sai da ciki ya shiga. Laulayin bai kwantar da ita ba, amma ya sa ta gaba da daddawa, ko daga nesa ta jiyo ta sai cikinta ya juya. Ga shi cikin fari ne, wanda kunya ba ta barin a buɗe baki a gaya wa manya, sai dai su gani da idonsu. Shi ya sa Gazali ya karɓi girkin a ɓoye.

Yana tsakiyar tuƙi, daga shi sai singileti, ya ɗaura tawul a ƙugu, aka yi sallama. Kafin a amsa har an shigo. Gwaggo Zulai ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mi ni ka gani haka? Gazali! Kai na da muciya?"

Ta leƙa falo, ta hango Khairiyya kwance ƙarƙashin fanka da waya a hannu. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Ashe tuwon da mu ka ci muna sa ma amarya albarka, ɗanmu ka tuƙa shi! An gama da kai, yaro! An wanke an ba ka, ka shanye!"

"Gwaggo, ki zauna ki sha ruwa mana—"

"Ruwan gidan ga? In sha in koma wanke mata kwanoni? Allah shi kiyaye!"

Ta fice fuuu, ta tare Keke Napep. Ana saukowa daga masallaci kira ya iso: Inna na neman su duka biyu.

Sun tarar da tsakar gidan cike da mata. Inna, mahaifiyar Gazali, tana zaune a tabarma, fuskar nan ba annuri. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta ma cika duban inda yake ba.

"Yaron ga," in ji ta, tana kallon bango, "ka mai da ɗiyar mutane gidansu. Ni ban ɗauko ma ɗana uwargijiya ba. Ta tahi ta koyo zaman aure, in ta iya, mu gani."

Hawaye suka ɓalle wa Khairiyya. Amarya a mayar da ita gida tun lallen aure bai gama fita daga farcenta ba? Da wane ido za ta dubi mahaifinta?

Gazali ya ƙara durƙusawa. "Inna, wallahi ba ita ta sa ni ba. Ni na sa kaina."

"To mi as sanadi?"

Ya buɗe baki, ya dubi Khairiyya. Ta girgiza masa kai a hankali. Shi kansa ina zai iya faɗin wannan a gaban uwar da ta haife shi?

"Ba komai, Inna."

Gwaggo ta maƙale murya ta kwaikwaye shi. "'Ba komai, Innaaa!' Kun ji ko? Har murya ta sake mai!"

Mata suka kwashe da dariya. Gazali bai yi ba.

"Inna, duk hukuncin da za ki yi, ki yi shi a kaina, na ɗauka. Amma ki gafarce ni, ba zan kai ta gida a kan laifin da ba ta yi ba."

Tun da aka haife shi bai taɓa mayar wa Inna magana ba. Khairiyya ta ga idon tsohuwar ya kawo ruwa, ta gane in ta ci gaba da shiru, uwa da ɗa za su ɓata a kanta. Ta share fuska, ta matsa gaba a kan gwiwoyinta.

"Inna, ki ba ni tukunya in yi tuwon yau a nan, a gabanki. In na kasa, ba sai an kai ni ba, da ƙafata zan tafi."

"Khairi—" in ji Gazali.

"Bari kawai, Yallaɓai."

Gwaggo har da rawar kafaɗa. "Nan babu gas, 'yab boko! Ga murhu, ga icce!"

Khairiyya ta naɗe mayafi a ƙugu, ta hura wuta, ta ɗora ruwa, ta yi talge. Duk wannan da sauƙi. Sai Gwaggo ta turo mata turmi, ta zazzaga daddawa a ciki.

"Daka muna, amaryag gwal."

Warin ya daki hancinta, ƙasa ta yi mata juyi. Ta riƙe numfashi, ta ɗaga taɓarya. Tana daka tana haɗiye yawu, gumi na tsattsafo mata. Da abin ya ci ƙarfinta ta zaga bayan ɗaki da buta, ta kuskure baki, ta dawo ta ɗauki taɓaryarta. Ta sake zagawa, ta sake dawowa.

"Ku diba yanga!" in ji Gwaggo. "Daddawad da anka yaye ta da ita, ita ta ka yi ma yatsina!"

Inna kuwa ta daina kallon bango, yarinyar take kallo. Can ta miƙe, ta zo ta zare taɓaryar daga hannunta. Ta buɗe tafin hannun ta duba, ta ja fatar idonta ƙasa, ta tsura wa wuyanta ido. Khairiyya ta sunkuyar da kai kamar ta nutse.

Inna ta juya. "Zulai, ke da kinka haihu kinka aurar, ina kinka aje idonki?"

Gwaggo ta matso, ta dubi Khairiyya sama da ƙasa. Bakinta ya buɗe. Sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

"Ayyururui! Ni dama na hwaɗi! Tun da nis shiga gidansu nig ga alama, kunya ta hana ni magana!"

"Kai, Gwaggo!" in ji matan gida, dariya har da masu faɗuwa. Gazali kuwa tuni ya yi zaure da gudu, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Inna ta zaunar da Khairiyya a kan tabarmarta, nesa da turmi, ta warware mata mayafin ta yafa mata.

"Ɗiyata, ki yahe mani. Kin zaɓi ki wahala da ki zub da kunya gabana, Allah shi yi maki albarka. Daga yau an ɗauke maki tuwon Juma'a, daga nan za a riƙa kai maku." Ta ɗaga murya wajen zaure, tana ɓoye murmushi. "Kai kuma yaron ga, miyakka ta wancan mako gishiri ya yi yawa!"

Da yamma aka rako su har bakin titi da kulolin abinci, Gwaggo ce a gaba tana korar masu babur kada su bugi amarya.

'Yan uwana mata, haƙuri da ladabi suka ɗaga Khairiyya a gidan da aka tara mata don a kunyata ta. Iyaye kuma a riƙa bincike kafin hukunci, don mijin da ya ɗauki muciya saboda matarsa ba shanye shi aka yi ba, tausayi ne da ƙauna, kuma gidan da aka gina a kansu gulma ba ta rushe shi.