Ɗan Shuɗi a Falon Baba

"Wallahi ba zan saka ba!"

Dogo ya ture ledar da Auta ta ajiye masa a teburin shagonsa, tsakanin wayoyin da yake gyara. Jar jesin ƙwallon ƙafa ce a ciki, sabuwa fil.

"Na yini ɗaya ne fa, masoyi..."

"Ni da jar riga? Auta, tun ina rarrafe nake ɗan shuɗi. In abokaina suka gan ni, ina zan sa kaina?"

"To ka zaɓa, ko abokanka ko ni."

A hankali ta faɗa, kanta a sunkuye. Baba ya ce yana son ganin yaron da ke neman autarsa ranar Asabar da yamma, ranar kuwa 'yan ja za su kara da 'yan shuɗi. Ita ta san mahaifinta, ɗan ja ne na gaske. Tana ƙarama ta ga ya maka rediyo da ƙasa don an ci su a ƙarshen wasa. Ta ga ya sa yayanta ya mayar da sabon keke shago don kawai shuɗi ne. In Baba ya ce a'a, magana ta ƙare, ita kuma ba za ta iya auren da babu albarkarsa ba.

Dogo ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jawo ledar da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar mushen ɓera.

"Kai, so bai yi min adalci ba," ya ce.

Ranar Asabar ya zo, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya dubi rigar, har sawun ninki bai bar jikinta ba.

"Kai ma namu ne?"

"E, Baba."

"Tun yaushe?"

"An... an ɗan jima."

"To."

Daga nan ya mayar da ido kan talabijin, aka fara wasa. Auta na laɓe a ƙofar kicin da tiren shayi a hannu. Shekarun da ta yi a jami'a ba ta zauna gida ranar wasa ba, sai yau ta lura falon ba yadda ta san shi yake ba. Babu ihu, babu zagin alƙalin wasa. Da 'yan ja suka zura ƙwallo, kai kawai Baba ya gyaɗa. Dogo ya tafa sau biyu, kamar mai kashe sauro.

Ana dab da tashi, wani ɗan shuɗi ya yanke masu tsaron baya, ya ɗirka ƙwallo a raga.

"Ta shig...!"

Dogo ya zabura ya miƙe, hannu a sama, sai ya daskare. Ya yi ƙoƙarin mayar da ihun tari, tarin ma ya ƙi fita. Kofi ya suɓuce daga tiren Auta ya tarwatse.

"Ƙarasa mana," in ji Baba. "Kada ya maƙale maka a wuya." Ya juya wajen ƙofa. "Ke, fito. Ke kika saya masa?"

Ta fito ta durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, ka yi haƙuri... tsoro na ji kada ka hana ni shi."

"Ai saura ƙiris in hana. Yayanki ya riga ya gaya min ɗan shuɗi ne. Da na gan shi da rigar nan na ce a raina, wanda zai tuɓe ƙungiyarsa a bakin ƙofa don a ba shi mata, me kuma ba zai tuɓe ba gobe? Ashe zuciyar tana nan, riga ce kawai aka yi masa dole."

Dogo ya sunkuyar da kai, gumi na karyo masa.

"Amma Baba, keken Yaya fa?" Auta ta ce a raunane.

Mama ta leƙo daga ɗaki. "Ki tuna masa da rediyona dai, har yau bai biya ba."

Baba ya yi murmushi, murmushin bai daɗe ba.

"Wancan mutumin kika sani, Auta. Lokacin gani nake in an ci mu, ni aka zaga. Yanzu 'yan wasan da nake so duk sun tsufa sun bari, waɗannan ko sunansu ba na iya riƙewa. Kin tuna Tela, maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa? Ɗan shuɗi ne na haƙiƙa. In muka ci su, kafin ya buɗe shago ina bakin ƙofarsa. In suka ci mu, sai ya zo ya ce zai ɗinka min hankici kyauta in share hawaye." Ya murza idonsa. "Bayan rasuwarsa muka ɗauki kofi. Na fito da gudu kamar yadda na saba, sai na tarar da shagon a rufe. Na rasa wa zan yi wa dariya. Tun ranar, in mun ci ma, salam nake jin abin."

Auta ta kasa ɗago kai. Duk tsoron da ta kwana da shi, tsoron wani Baba ne da ya daɗe da wucewa ba ta sani ba.

Baba ya dubi Dogo. "Ka turo manyanka. Amma da sharaɗi, duk ranar wasa a nan za ka kalla, da rigarka ta gaskiya."

"Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma..." Dogo ya ɗago kai. "Sai dai za ka sha wahala, don bana kofin namu ne."

"Kai! A gidana? Ƙwallon da kuka ci da satar gida?"

"Haba Baba, wace satar gida? Ko makaho ya ga..."

"Ni ne makahon?"

Mama ta dafa kafaɗar Auta, su biyun suna dariya, hawaye na bin kumatunsu.

"Kuma ka ji da kyau," Baba ya ɗaga yatsa, muryarsa har waje, "jikokina duka 'yan ja ne!"

"Wannan kam, Baba," in ji Dogo, "sai dai mu je fenariti."