Notin da Hannun Yasira Kaɗai Ke Kaiwa

Ranar kasuwar Wara ce, shekara biyu da ƙirƙiro jihar Kebbi, akori-kurar Malam Hussaini ta ƙi tashi a bakin ruwa, ga kwandunan kifi a baya, rana tana ƙara zafi. Sabon batir yana ajiye a ƙasa, amma tsohon ya ƙi fita, don notin da ke riƙe da shi yana can cikin wani lungu tsakanin batir da jikin mota, ya kuma yi tsatsa.

Yusha'u mai gyaran injin jirgin ruwa a nan Wara ya taho da sifanarsa yana taƙama.

"Baba, kawo in gani. Wanga ai aikin minti biyu ne."

Minti ashirin ya yi yana fama. Hannunsa ya ƙi shiga, ya goge fatar yatsunsa, sifanar ma ta suɓuce ta faɗa ƙasan inji. Sai ya ji wata murya a bayansa.

"Malam mai minti biyu, ɗan matsa."

Yasira ce, 'yar mai motar, malama a firamare a Yelwa. Ta cire awarwaronta ta miƙa masa ya riƙe, ta ɗiga baƙin mai a kan notin, ta ɗauko sifanar da ta faɗi, ta zura siririn hannunta da ita, tana kallon sama kamar mai laluben allura a jaka. Juyi huɗu ya kwance.

"Tun tana shekara tara ita ka kwance mini shi," in ji Malam Hussaini, yana washe baki.

Yusha'u dai ya tsaya da awarwaro a hannu, kunya ta kama shi, so kuma ya shige shi a lokaci guda, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Bayan sati biyu, Asibi mai kifi, ƙawar Yasira, ta kawo mata takarda a Yelwa:

"Injiniyata, yatsuna sun warke amma zuciyata ba ta warke ba. Kullum na ɗauki sifana sai in tuna ki. In kin yarda, zan turo manyana."

Ta karanta sau uku kafin ta ba da amsa:

"Ɗan ruwa, ka iya magana fiye da kwance noti. Na yarda. Amma Baba ya fi wancan notin tsatsa, kada ka zo masa da ƙarfi."

Manya suka zo, suka koma hannu rabbana. Malam Hussaini ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai kwana a kan ruwa ba. Da aka ce masa yaron a tudu yake aikinsa, sai ya ce Wara ta yi nisa, shi da yake zuwa Wara duk sati. Yasira ta yi kuka har ta rame, don ba ta son saɓa wa mahaifinta, ba ta kuma iya rabuwa da Yusha'u.

Mahaifiyarta, Inna Laraba, ta tare mijinta a tsakar gida.

"Malam, hwaɗi gaskiya. Mi yaron ga ya yi maka?"

Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "In ta tahi, wa za ya kwance mini batir?"

Maganar ta kai kunnen Yusha'u, shi kuma bawan Allah ya ɗauke ta yadda aka faɗe ta. Ya je wurin maƙeri, suka yi kwana uku suna lanƙwasa wata doguwar sifana mai siririn wuya, wadda za ta shiga lungun ba sai da hannun kowa ba. Ya naɗe ta a sabon ƙyalle, ya kai wa tsohon da murnarsa.

Malam Hussaini ya buɗe bonet ya gwada. Notin ya kwance salin alin. Yusha'u yana jiran sa albarka, sai ya ga fuskar tsohon ta canza.

"Wato ka kawo mini ƙarhe ka ɗauke mini ɗiya?"

Ya shige gida, ya bar shi tsaye a rana.

Washegari takardar Yasira ta same shi:

"Masoyina, ka yi wauta mai kyau. Ba batir ne damuwar Baba ba. Ni kaɗai gare shi, kuma bai iya cewa zai yi kewata ba, sai ya laɓe bayan mota. Ka dawo, amma ka bar dabara a gida."

Ya dawo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya durƙusa a gaban tsohon a zaure.

"Baba, na yi kuskure. Na zo amsar sihwanata."

"Don mi?"

"Ba ta da kyau, tana cinye noti. Motar ga hannun Yasira kaɗai ta sani. Duk randa batir ya yi gardama, ko bai yi ba, ka aiko, ni da kaina zan kawo ta."

Malam Hussaini ya san ƙarya ce, don shi ya gwada sifanar da hannunsa. Ya daɗe yana kallon yaron, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya jawo sifanar daga ƙarƙashin tabarma ya miƙa masa.

"Ni ma na lura tana cin noti. Kuma ka sani, batirin motar ga ba shi da lahiya ko kaɗan. Duk wata shina mutuwa."

"Allah Shi ba mu ikon jinyarsa, Baba."

Yasira tana bayan ƙofa tana dariya tana share hawaye, Inna Laraba ta rangaɗa guɗa tun ba a sa rana ba.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Malam Hussaini bai yarda wani ya tuƙa amarya ba, shi ya kai ta Wara a gaban akori-kurarsa, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A ƙofar gidan ango ya riƙe hannunta ya sa cikin na Yusha'u.

"Ga ta nan, amana. Allah Shi yi muku albarka, Shi ba ku zuri'a ɗayyiba."

Ya shiga mota ya tayar, sannan ya leƙo ta taga.

"Yasira, ina jin batirin ga ba za ya wuce sati biyu ba."

"To, Baba," in ji ta. "Muna nan tahe."