Shanun da Suka Manta Tauna

Tun da hantsi na'urar da ake kira Matauniya ta fara aiki, kamar kullum. Jirage marasa matuƙa suna sauke mata damin karan dawa da harawar wake daga gonakin bayan gari, ita kuwa tana haɗiyewa. A cikinta akwai tukwane huɗu, kwaikwayon cikin saniya. Can take niƙa karan, ta jiƙa shi da ƙwayoyin halitta, ya fito kamar kunu, ya bi bututu zuwa benen turka, inda shanun birnin Tsaunin Kura suke cin raninsu a inuwa.

Injiniya Lantana ce ta ƙera ta, kuma ba ta ɓoye jin daɗinta. Da can rani yakan mayar da sa ƙashi da fata. Yanzu kuwa ko tauna an ɗauke masa, sai dai ya sha, ya kwanta, ya yi ƙiba. Nama ya yi araha har mai tsire yana ƙara wa yara gyara.

To, ana cikin haka sai babban haƙorin injin ya karye. Masu gyara suka ce sai an ƙero wani, kuma ba yau ba, ba gobe ba.

Lantana ta ce ai da sauƙi, ga kara nan tuli. Aka zuba wa shanu. Suka shinshina, suka ɗago kai suna kallon bututu. Haba! Ashe duk a benen aka haife su, ko sau ɗaya ba su taɓa sa kara a baki ba. Suka yini suna kuka ga abinci a ƙafarsu. Wanshekare maruƙa suka fara kwanciya, tsoro ya kama Lantana sosai, don ta san garke guda na shirin mutuwa a hannunta.

Sai ta tuna da Gwaggo Kande, yayar mahaifinta, wadda take da wata tsohuwar saniya a bayan gida.

"Gwaggo, aron saniyarki na zo."

"Wannan ƙwarangwal? Ke da kike da shanu masu hawa bene?"

"Don Allah, Gwaggo. Nawa ba su iya cin kara ba."

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ikon Allah! Ɗauki, 'yar nan. Amma ki sani tana harbi."

Aka shigar da tsohuwar tsakiyar garke. Ko kallon kowa ba ta yi ba. Ta fizgi kara ta hau tauna, sannan ta kwanta tana tuƙa abinta. Wani ɗan maraƙi ya matso ya zuba mata ido, ya ɗauki ganye ɗaya, ya tofar, ya sake ɗauka. Kafin la'asar benen duk ya cika da ƙarar ɓurus-ɓurus. Lantana ta zauna a kan dami, daɗi ya cika ta har da ƙwalla.

Da haƙorin ya iso, shugaban masu gyara ya buga mata waya.

"Ranki ya daɗe, an gama. Mu kunna?"

Ta dubi maraƙin, ya riga ya miƙe yana ture 'yan'uwansa a kan harawa.

"Ku kunna rabi," in ji ta. "Tukuna ma, Malam, ka duba min. Mu nan birni, me injina suka daɗe suna tauna mana?"