Kekunan Reshen Samaru

A gaban 'yan matan da take koya wa ɗinki aka karɓe makulli daga hannun Ƙauna, kuma ba bare ne ya karɓa ba, Raphael ne, ɗan baffanta, wanda ta tashi a gidansu tun rasuwar iyayenta. Shi ne wakilin uwar ƙungiyar matasa ta ƙasa a Zariya, ita kuwa shugabar reshen Samaru. Laifinta ɗaya ne: ta nemi a yi wa reshen rajista a matsayin ƙungiyar agaji mai zaman kanta, don kekunan ɗinkin da mutanen unguwa suka bayar su zama mallakin reshen, kada wani ya kwashe su da sunan Abuja.

"Ɓallewa za ki yi, ko?" in ji Raphael. "Wa ya ba ki wannan shawara? Rajista kike so don ki haɗiye kayan jama'a!"

"Haba Yaya, ni? Me zan yi da su in ba koyarwa ba?"

Kafin mako ya zagayo kekunan suka yi ƙafa, ƙofa kuma ba a fasa ta ba! Nan fa tsegumi ya tashi, wai ta yanka wani makullin tun tuni. A coci mata suka riƙa janye jakunkunansu in ta zauna kusa, iyaye suka hana 'ya'yansu gaishe ta, matar baffanta kuwa cewa ta yi, "Dama ni ban taɓa yarda da shirun nan naki ba." Wayyo Ƙauna... ta rame, ta yi baƙi, har inuwarta take zargi. Kullum tana durƙushe tana kuka, "Ya Ubangiji, ba ni da uwa ba ni da uba, kai ne shaidata. Ka wanke ni!"

Ranar wata Talata sai ga ɗan acaɓa, wai ana kiranta a kasuwar Sabon Gari. Ta ce shi ke nan, wani sharrin ne kuma. Tana isa layin masu kekuna ta hango Raphael zaune a benci, gumi ya jiƙa masa riga, ga kekunanta jere a gabansa.

Madam Nwamaka, shugabar layin, ta kamo hannunta. "Ke ce Ƙauna? Wannan ya ce kaya naki ne, ke kika aiko shi. Mu a nan ba ma sayen tsohon keke sai mai shi ya zo da ƙafarsa. To, kin aiko shi?"

Ashe gogan ya laƙa sunanta ne don in ta ɓaci a kamo ta, bai san dokar layi ba! Ƙauna ta girgiza kai alamar a'a, hawaye na zuba.

Uwar ƙungiya ta kori Raphael, 'yan sanda suka yi gaba da shi, kuma uwar ƙungiyar da kanta ta amince reshen ya yi rajistarsa. Ranar da aka dawo da kekunan, matar baffanta ta zo tana rarrafe da gwiwa tana neman gafara. Ƙauna ta ɗaga ta tana kuka, ta ce, "Tashi Mama, na yafe. Amma da ranar nan kin tambaye ni ko sau ɗaya, ai da na gaya miki gaskiya."